Ƙofar da Ake Kullewa: Gigin Tsufa da Tarihin Gidajen Jinya a Ƙasar Zazzau

A Kurmin Kogi, ɗaya daga cikin gundumomi goma na ƙaramar hukumar Ikara, da sauran garuruwan da suka shimfiɗu daga nan zuwa Makarfi da Hunkuyi, da wuya a sami unguwar da ba ta taɓa yin tsohon da ake cewa ya ruɗe ba. Shi ne wanda zai saɓa fartanya da tsakiyar rani ya nufi gonar da ya sayar shekara ashirin da suka wuce. Ita ce wadda za ta gama cin tuwo, ta wanke hannu, sannan ta kai ƙarar matar ɗanta wurin maƙwabta cewa yau kwana biyu ba a ba ta abinci ba. Hausawa suna kiran abin gigin tsufa. Duk yaron da ya gamu da irin wannan dattijo a hanyar fadama ya san gidan da zai mayar da shi, kuma ba ya jiran a aike shi.

Wannan tsari yana kwancewa. 'Ya'yan da suka yi karatu suna Kaduna da Kano da Abuja, a gidaje masu katanga da get, inda maƙwabci bai san maƙwabci ba. Tsohon da aka ɗauko daga ƙauye aka kawo nan, in ya fita sau ɗaya sai cigiya a rediyo. A Legas da Ibadan da Abuja an riga an sami ƙananan gidaje masu zaman kansu da ke karɓar tsofaffi kaɗan su riƙe su a kan kuɗi, kuma duk inda ma'aikata suka taru buƙatar za ta biyo su. Ɗan da ya tsaya a ƙofar irin wannan gida, kunya ta rufe shi, gajiya ta ci ƙarfinsa, da me zai gane ko wurin ya cancanci a bar masa mahaifi? Ƙasar Hausa ta daɗe tana ajiye mutanen da hankalinsu ya gushe a wurare iri-iri, kuma labarin waɗannan wurare ya fi kowace takardar talla nuna abin da ya kamata a duba.

Gidan gandu shi ne wurin jinya na farko. Muddin magidanci da 'ya'yansa maza suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, to tsoho ba ya rasa hannun da zai tallafe shi, domin girki yana zagayawa tsakanin mata, kuma tsakar gida ba ta rabuwa da mutane. Kunya ce ta raba aikin. Ɗan fari ba ya sakewa da iyayensa, suruki yana da iyakar da ba ya ƙetarewa, amma jika abokin wasan kaka ne. Shi ke kwana a ɗakinta, shi ke tsokanarta har ta buɗe baki ta ci abinci, kuma in ta kira shi da sunan ƙaninta da ya rasu tun zamanin En'e, dariya zai yi ya amsa. Wanda bai haihu ba ma an yi masa tanadi ta hanyar riƙo. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta reni 'ya'yan da dangi suka ba ta, kuma ba ta tsufa a wulaƙance ba. Addini ya ƙarfafa wannan: fiƙihun Malikiyya ya wajabta wa ɗa mai hali ciyar da iyayensa matalauta, Alƙur'ani kuma a Suratun Nahli da Suratul Hajji ya ambaci matakin tsufa da mutum ke rasa abin da ya sani, don haka malamai ba su ɗauki abin baƙo ba.

Sai dai bai kamata a yi wa zamanin da kwalliyar da ba tasa ba. Nauyin wanki da kwashe bayan gida a kan mata yake, musamman matar ɗa, kuma ba a cika gode mata ba. Tsohuwar da ba ta da ɗa namiji a kusa, in ta fara sambatu da dare ko ta fita ba mayafi, ba ta da nisa da zargin maita. Tsohon da ke duka ko yawan fita akan kulle shi a ɗaki. Shi kansa gandun tun tuni yake tsagewa: M.G. Smith, mijin Mary, ya lura da haka a ƙauyukan Zazzau a binciken da ya wallafa a 1955, masu binciken aikin gona na Samaru kuma suka sake tabbatar da shi a shekarun 1960. Abin da ya kare tsoho a wancan gida shi ne yawan idanu. Zaure a buɗe yake, masu gaisuwa suna shiga ba sanarwa, kuma gidan da ya bar tsohonsa cikin ƙazanta kafin la'asar labarinsa ya kai bakin kasuwa.

Garuruwan Hausa sun yi wa wasu naƙasassu tsari na hukuma. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare, akwai Sarkin Guragu, kuma Hugh Clapperton ya tarar da unguwar makafi ta musamman a Kano a 1824. Waɗannan mutane ne masu hankalinsu, suna iya haɗa kai su yi magana da murya ɗaya. Wanda hankalinsa ya gushe bai sami sarki ba. In ya gagari dangi, abin da ke jiransa shi ne turu, wato gungumen da ake zura ƙafar mahaukaci a ciki, ko mari a gidan boka ko na malami.

Turawan mulki sun ɗora nasu a kan wannan. Sun buɗe gidan mahaukata a Yaba a 1907, suka kafa dokar mahaukata ta ƙasa baki ɗaya a 1916, wadda aka sake fasalinta a 1958. A ƙarƙashinta takardar likita da umarnin majistare sun isa a tsare mutum, kuma manufarta ita ce a kare jama'a daga gare shi. A Arewa galibin waɗanda aka tsare a ɓangarorin gidajen yari na En'e suka ƙare, ƙarƙashin kulawar gandirobobi. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi ta gayyato ƙwararru daga waje su duba, irin su Cunyngham Brown a shekarun 1930 da J.C. Carothers a tsakiyar shekarun 1950, kowanne ya rubuta rahoton cunkoso da rashin magani, aka ajiye a ofis. Ma'aunin nagarta a wancan tsari ɗaya ne: kada wani ya tsere. Wannan ma'auni bai mutu ba. Har yau abin da mai gidan jinya ya fi saurin nuna wa baƙo shi ne tsawon katanga da ƙarfin kwaɗo, kuma abin da dangi suka fi saurin gamsuwa da shi ke nan.

Wanda ya juya tambayar ɗan ƙasa ne. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, bayan ya dawo daga asibitin Maudsley na Landan, ya tarar ginin asibitin Aro da ke Abekuta bai kammala ba. Sai ya shirya da dagatan ƙauyukan da ke kewaye a sauke majinyata a gidajen mutane. Kowane majinyaci yana zuwa da ɗan'uwansa, yawanci uwa ko 'yar'uwa, wadda za ta zauna da shi, ta yi masa girki da wanki. Da rana a je asibiti a karɓi magani, da yamma a koma cikin jama'a. Majinyatan Aro galibinsu ba masu gigin tsufa ba ne, amma abin da aka gani a can ya shafi kowa: mutumin da aka bari cikin rayuwa irin wadda ya saba, kusa da fuskar da ya sani, ya fi natsuwa, kuma ba a cika buƙatar ɗaure shi ba. Sunan Aro ya zagaya duniya, Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A gida kuwa tsarin bai yaɗu ba. Kaduna ta sami asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a 1975, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da sashen masu taɓin hankali, amma tsakanin gadon asibiti da ɗakin tsakar gida an bar wawakeken giɓi.

Gidajen mari ne suka cike giɓin. A ƙarshen Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da dama da sarƙa a ƙafa. Cikin Oktoba aka fasa wasu a Daura da Katsina da Zariya da kuma wani a Rigasar. A Nuwamban wannan shekara ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton ziyarar da ta kai wurare 28 da ake ajiye masu larurar ƙwaƙwalwa a Najeriya, har da asibitocin gwamnati da gidajen addu'a na Musulmi da na Kirista, ta ce ta tarar ana ɗaure mutane a 27 daga ciki. Mafi tsufan wanda ta gani a ɗaure ɗan shekara 86 ne, kuma ba ya gani sosai. Abin da ya fi ɗaci a labarin Rigasa shi ne dangi ne suka kai mutanen da ƙafarsu, suna biyan kuɗi, da yawa kuma da kyakkyawar niyya. An ƙayyade musu yadda za su ga nasu, ba a barinsu su wuce ciki, su kuma suka amince saboda sunan mai gidan da shaidar da ake yi masa a gari.

Kafin a ɗauko ma'auni daga waje, ya kamata a san abin da ake jinya. A 1901 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya karɓi wata mata 'yar shekara 51 mai suna Auguste Deter a asibitin Frankfurt, tana mance abin da aka faɗa mata nan take. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga wani daskararren abu ya taru tsakanin ƙwayoyinta, ya ga zare-zare sun cukurkuɗe a cikinsu. Cutar da ke ɗauke da sunansa ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na gigin tsufa. Mai bi mata ita ce wadda lalacewar jijiyoyin jini ke haifarwa, 'yar gidan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Sabon tunani ke fara tafiya, tsoho ya daɗe, shi ya sa dattijo ke tuna iyakar gonar ubansa ya mance ya yi sallar azahar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu larurar sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A Najeriya, binciken haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indiyanafolis ta Amurka, wanda aka wallafa a 1995, ya sami kashi 2.29 cikin 100 a tsakanin 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan. Wani da likitocin Zariya suka jagoranta a kan tsofaffi 322, aka wallafa a 2011, ya sami kashi 2.79. Adadin ba shi da yawa a ido, amma kowane ɗaya a cikinsa jinya ce ta shekaru, dare da rana.

Ƙasashen da suka riga kowa gina gidajen tsofaffi, ta hanyar abin kunya suka koyi awo. A Ingila, wata mata mai suna Barbara Robb ta je gaishe da wata tsohuwa da ta sani a asibitin Friern a 1965, abin da ta gani ya sa ta tattara shaidun ma'aikatan jinya ta wallafa a 1967. Hukumomi suka ƙaryata ta. Bayan shekara biyu binciken asibitin Ely a Kadif ya tabbatar da irin abin da take faɗa, aka kafa hukumar da ke ziyartar asibitocin dogon zama. A tsakanin nan, a 1966, Avedis Donabedian na Jami'ar Mishigan ya raba awon nagartar jinya gida uku: abin da wuri ya mallaka, abin da ake aikatawa a cikinsa, da abin da ya sami majinyaci a ƙarshe. Amfanin rabon shi ne ya fallasa cewa na farko ne kaɗai baƙo ke gani, wato tayil da fanka da janareta, alhali shi ne mafi ƙarancin ba da labari. Tom Kitwood na Jami'ar Biradfod ya ƙara matsawa. Ya ce yawancin abin da ake kira taurin kan mai gigin tsufa martani ne ga yadda ake yi masa: a yi magana a kansa kamar ba ya wurin, a ɗura masa abinci cikin gaggawa, a yi masa tsawa kamar yaro. Hanyar awon da ya ƙirƙiro ba ta da kayan aiki. Mutum ne zai zauna a gefe na sa'o'i, kowane minti biyar ya rubuta abin da majinyaci ke yi da halin da yake ciki.

Mari ma ya canza kama. A Amurka ta shekarun 1980 kusan mutum 4 cikin 10 na mazauna gidajen tsofaffi ana ɗaure su a gado ko kujera, har dokar 1987 ta taka wa abin birki. Da igiya ta ragu sai ƙwaya ta ƙaru. Rahoton da Farfesa Sube Banerjee ya miƙa wa gwamnatin Birtaniya a 2009 ya ƙiyasta ana ba masu gigin tsufa 180,000 magungunan taɓin hankali masu kwantar da jiki, waɗanda ke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma magungunan na jawo ƙarin mutuwar kimanin mutum 1,800 a shekara. A ƙasar da ake iya sayen maganin barci a kemis ba takardar likita, wannan ya fi sarƙa sauƙin ɓoyewa. Gidan da baƙo ya shiga da hantsi ya tarar tsit, kowane tsoho ya langaɓe a kujera yana gyangyaɗi, ya cancanci a nemi ganin katin maganin kowa da sunan likitan da ya rubuta shi.

Tunanin ƙaramin gida kansa daga wannan gwagwarmaya ya fito. Suwidin ta fara shi a shekarun 1980, Japan ta sa shi cikin inshorar kula da tsofaffi da ta fara a 2000, ta ƙayyade mutum 5 zuwa 9 a kowane rukuni, suna taya girki da shara gwargwadon iyawarsu. A zahiri gidan gandu aka sake ginawa da ma'aikata masu albashi. Amma ƙanƙanta tana da nata haɗari. A Janairun 2006 gobara ta tashi cikin dare a wani irin wannan gida a Omura, lardin Nagasaki, mutum 7 cikin mazauna 9 suka rasu; ma'aikaci ɗaya tak ke aikin dare. Ƙaramin gida ba shi da likita a ciki, kuma in mai shi ya lalace babu na sama da zai tsawata masa.

Najeriya ta soma gyara takardunta. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, cibiyar ta kama aiki a 2021, a Janairun 2023 kuma aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙoƙi, ta gindaya sharuɗɗa kan tsarewa da ɗaurewa. Takardar rajista abar tambaya ce, amma tsakanin doka da mai duba ta akwai tafiya, don haka aikin duba-gari a kan dangi ya faɗo.

Ziyarar da aka yi alkawarinta ba ta nuna komai. Lokacin da ya fi tona asiri shi ne daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba, domin a nan ruɗewa ke tsananta ga masu larurar da yawa, tsohuwa ta ɗaure ƙullin kayanta ta ce za ta tafi gida ta ɗora tukunya. Wannan ne ma ya sa ake saurin jingina abin ga iskoki. A wannan sa'a ake ganin ko ma'aikaciya za ta ja ta da ƙarfi, ko za ta ce, “To Inna, mu je in raka ki,” ta zagaya tsakar gida da ita har abin ya lafa. A nan ake jin ko ana kiran dattijo Baba ko Malam, da sunan da ya saba amsawa, da harshen da ya rage masa, domin wanda ya yi shekara arba'in yana aikin gwamnati da Turanci yakan koma Hausa zalla, Bafulatani kuma ya koma Fulatanci. Ana duba duga-dugai da ƙugu da gadon baya, inda gyambon daɗewa a kwance ke fara fitowa, da wuyan hannu da idon sahu, inda igiya ke barin shaida. Ana tambayar mutum nawa ke kwana a farke, da shekara nawa mafi daɗewar ma'aikata ta yi a gidan, saboda wanda ba ya iya riƙe sabon suna fuskar da ya saba da ita ce kaɗai madogararsa. Mace ce ke yi wa mace wanka? Akwai mai tuna wa tsoho alwala ya tsaya kusa da shi, ko da shari'a ta ɗauke masa nauyin sallar?

Akwai kuma tambayar da ta kamata ta riga duk waɗannan: wane likita ne ya tabbatar gigin tsufa ne? Ruɗewar da ta zo cikin kwana biyu ko uku sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko suga da ya hau ko ya faɗi, ko wani magani da aka sha, kuma tana warkewa in an gano ta da wuri. Baƙin ciki mai tsanani bayan rasuwar abokin zama, da matsalar maƙoƙo, da ƙarancin sinadarin B12, duk sukan yi kama da ita. Gidan da ya karɓi tsoho bai nemi takardar asibiti ba, bai kuma iya faɗin asibitin da zai kai shi da motar da za ta kai shi da ƙarfe biyun dare ba, ɗakin haya ne da mai gadi.

Ga iyalin da ke Kurmin Kogi ko Paki ko Gimi, nisa ma yana cikin lissafi. Gida mai kyau a Abuja da ba a iya zuwa sai da Sallah ya rasa abin da ya kare tsoho a zaure, wato mai shigowa ba zato. Wasu iyalai sukan ga ya fi a bar tsoho a ɗakinsa na ƙauye, a ɗauki mai jinya, a riƙa biyan matar ɗan da ke wahalar a matsayin mai aiki maimakon a bar ta da addu'a kawai. Yankin kuma ba ya rasa waɗanda suka koyi aikin lafiya, tunda kwalejin Shehu Idris tana Makarfi. In kuwa gidan jinyar ya zama dole, sharaɗin da Lambo ya gindaya a Aro shekara saba'in da suka wuce yana nan da amfaninsa, kuma ana iya neman a rubuta shi cikin yarjejeniya tun kafin a biya kuɗin wata na farko: a bar jika ko 'ya ta shimfiɗa tabarma ta kwana a ɗakin duk daren da dangi suka ga dama.